Cigiya da Wasan Tela

Nasser ya yi shekara tara yana karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a yammacin Nijar kafin ya zo New York. A nan tuƙi yake yi. Kwana shida a mako yana cikin layin motoci a filin jirgin JFK, yana jiran fasinja. Ranar Lahadi kuwa, bayan azahar, sai ya hau bene hawa na huɗu a unguwar Morrisania, gidan Hajiya Rafia, 'yar zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi. A falonta suke yin rediyo.

Rediyon nasu ba shi da eriya. Lambar waya ce, mutum ya buga ya saurara. Masu kitso suna buɗe ta a shago, mata masu aiki a gidajen tsofaffi suna jefa wayar a aljihun riga. In an gama, Rafia ta tura shirin ta WhatsApp, daga nan ya bi hannu hannu har gida.

Suna gaishe-gaishe da kacici-kacici, amma abin da mutane suke jira shi ne wasan Tela Sai-Gobe. Nasser ne telan. Rafia ce uwar biki da ta kai masa atamfa tun kafin azumi, kowane mako kuma da sabon dalilinsa: allura ta karye, akuya ta cinye zare, almakashi ya tafi ta'aziyya. Ƙarar keken ɗinkin ta gaske ce, Rafia ke taka nata a gefen makirufo.

A watan Maris 'yan bindiga suka shiga garuruwan su Nasser. Suka ƙone turakun waya, mutane suka watse. Ƙanensa Amadou, mai gyaran babura, ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Ranar Lahadi Nasser ya zo da takardu a hannu.

"Hajiya, a dakatar da wasan nan," ya ce. "Ana kashe mutane, mu muna nan muna zancen akuya."

Rafia ta dube shi, ta rufe keken da zane.

"Garinku ne, Malam Nasser. Yadda ka ce haka za a yi."

Mako uku yana karanta labarin yaƙi. Garin da aka shiga, hanyar da aka rufe, adadin da aka binne. Yana karantawa da muryar da ya koya a wurin aiki, ba ta rawa. Masu bugowa suka ragu daga ɗari huɗu zuwa saba'in. Ya ce ba komai, dama gaskiya ba ta da daɗin ji.

A mako na huɗu, kafin su fara, Rafia ta miƙa masa wayarta. Saƙon murya ne ya zo mata ta hannun mutum uku. Wata tsohuwa ce mai suna Suweiba, daga wata makarantar firamare da aka sauke 'yan gudun hijira. Ana jin kukan jarirai a bayanta.

"Malam na rediyo, ina gaisuwa. Mu nan aji ɗaya mu talatin da biyu, waya ɗaya gare mu mai kama saƙo. Garuruwan da kake faɗa, daga can muka fito da ƙafafunmu, ba sai an gaya mana daga Amurka ba. Abin da muke tambaya, telan nan ya gama rigar ko bai gama ba? Sannan in da hali ka faɗi sunan 'yata Tahiratu, mun rabu a bakin gulbi. Ko wani ya gan ta."

Nasser ya saurara sau biyu. Ya ninke takardunsa ya sa a aljihu.

"Ban shirya wa tela komai ba yau," ya ce.

"Shi ma telan bai taɓa shirya komai ba," in ji Rafia. Ta yaye zanen daga kan keken.

Daga ranar shirin ya kasu biyu. Mintuna goma na farko na cigiya ne: suna, gari, inda aka rabu, lambar da za a kira. Nasser ya fara da Tahiratu 'yar Inna Suweiba, ya rufe da Amadou mai gyaran babura. Sai keke ya fara ƙara, tela ya rantse cewa hannun riga ɗaya ya riga ya ɗinku, ɗayan ne ke masa gardama.

Sunaye suka yi ta zuwa, har mintuna goman suka koma ashirin. Bayan sati biyar wani direban babbar mota ya kira ya ce akwai wata Tahiratu da ke sayar da ƙosai a tashar wani gari, tana neman uwarta. Ita ce. Cikin wata shida an haɗa mutum goma sha ɗaya da danginsu. Sauran ba labari.

Na Amadou ya zo a watan Oktoba. Nasser yana layin JFK wani maƙwabcinsu ya same shi a waya, ya ce tun ranar farko aka harbe Amadou a bakin shagonsa, su suka binne shi da hannunsu. Nasser ya yi salati, ya yi masa godiya. Layi ya matsa, ya ɗauki wata mata da akwatuna biyu zuwa unguwar Jamaica da ke kusa da filin jirgin.

Ranar Lahadi ya sanar da rasuwar da kansa, ya nemi addu'a, ya ci gaba da sauran sunayen. Rafia ta ce a bar wasa sai wani makon. Ya ce a'a, mutane na jira. Ya yi minti biyar, muryarsa ta ƙi, sai Rafia ta ce wa masu sauraro tela ya kulle shago ya gudu ta taga, ta cika sauran lokacin da kacici-kacici. Da aka rufe layi ta zuba masa shinkafa da wake, ya ci rabi, ya sauka ya tafi masallaci.