Ruwan Ƙarshe na Tsuboi

"In yana ciki, ni ba na shiga," in ji Kanemura, yana dogare da sanda a bakin ƙofa.

"Wa ya roƙe ka? Ɗan barandan 'yan jari hujja kawai!" Hiyoshi ya mayar masa.

Masae ta tsaya tsakaninsu, ranta a ɓace. Maƙwabcinta Tsuboi na kwance a ɗaki, numfashi na fita da ƙyar, kuma abu ɗaya ya roƙe ta: ya ga abokansa biyun nan tare kafin ya tafi. Da ƙuruciya su uku ɗaki guda suke kwana a jami'a, tuta guda suke ɗagawa. Sai ƙungiyarsu ta ɗalibai masu neman juyin juya hali ta rabe kan fassarar jimla ɗaya ta aƙidarsu, wasu suka sa farar hular kwano, wasu shuɗiya, aka koma farautar juna da sandunan ƙarfe. Juyin juya halin bai zo ba, gabar ce ta tsufa tare da su.

Masae ta ce, "Haba Kanemura, haba Hiyoshi! Ko haƙora ba ku da su, me kuka rage wa juna? Mutum na mutuwa!"

"Ya fara janye kalmar da ya kira mu da ita," in ji Kanemura.

"Ku fara amsa laifin karya mini hannu," in ji Hiyoshi.

Ta bar su ta leƙa ciki. Tsuboi ya juyo da ido wajen ƙofa. "Sun zo?"

"Sun zo. Takalma suke cirewa."

Ƙarya ta yi, kuma ta san ya ji muryoyinsu. Ya ɗan murmusa. Ta riƙe hannunsa har ya saki, rai ya yi halinsa.

Da ta fito, ba ta ɗaga murya ba. "Sai ku shigo yanzu. Babu sauran wanda za ku ba kunya."

Suka shigo sumui-sumui, suka durƙusa kan tabarma. Masae ta kawo ruwa a ɗan kofi da auduga, don a jiƙa leɓen mamaci kamar yadda aka saba a al'adarsu. Aikin dangi ne, amma Tsuboi ba shi da kowa, sai ta miƙa wa Hiyoshi.

Hannun nan da aka taɓa karyawa ya hau rawa, ruwa na ɗiga kan bargo. Ya gwada, ya kasa kaiwa bakin. Kanemura bai dube shi ba. Ya dai miƙo hannu ya tallafi wuyan hannunsa, har audugar ta taɓa leɓen Tsuboi.