Aljihun Yefim

Glafira na tsaka da yanka kabeji sai Zahar, abokin aikin mijinta, ya faɗo gidan bai ko kakkaɓe ƙanƙarar takalminsa ba. Hularsa na hannu. Ganin hular nan ya sa wuƙa ta suɓuce mata.

"Glafira Lukinichna, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Ina Yefim?"

"Ya shiga tanki. Kafin mu jawo shi ya cika."

Shekara ashirin da shida Yefim na aiki a gidan yin barasar bodka na bakin kogi. Shi ke tsima alkamar hunturu da ruwan marmaro, shi ke zaɓen gawayin tacewa, kwalbar da ta bi ta hannunsa har Mosko ake nemanta. In an kwashe tsimi, wata iska mai kisa kan kwanta a gindin tankin, ido ba ya ganinta. Shi ya sa kafin a sauka wanki sai an zura kyandir da igiya. In wutar ta mutu, ba mai shiga.

"Tsohon nan da taurin kai!" in ji Zahar, yana kuka. "Shi fa ya koya mana. Ina kallo ya laluba aljihu, ya sake lalubawa, ya ce, 'Kai, ai tun jiya yake a buɗe,' ya sauka abinsa."

Glafira ta waiga kusurwar ɗaki. Kyandir ɗin na can gaban hoton Maryamu, yana ci. Da safe ta tarar nata ya ƙare, ta zare nasa daga aljihun kwat don ta roƙa masa sauƙin tari.

Kwana arba'in kofin bodkarsa na kan tebur, an rufe da yankin baƙin burodi, kamar yadda ake yi wa mamaci a al'adarsu. Duk wanda ya shigo ta'aziyya sai ta yi ta jiran a ce, "Wai ina kyandir ɗinsa?" Ba wanda ya tambaya. "Ganganci ne," kawai ake ta faɗi, har 'yarsu Tasya ta ɗauka.

"Baba bai tuna da mu ba, Mama," in ji ta, ranar da ta kama aiki a ɓangaren tacewa na gidan bodkar. Tun daga nan ba ta ƙara zuwa kabarinsa ba.

Glafira ta san magana ɗaya za ta wanke shi. Ta kuma san Tasya kaɗai ta rage mata a duniya.

Har yau kowace safiya takan raka ta ƙofar gidan bodkar, maganar na bakinta. Sai ta riƙo hannun rigarta.

"Tasya..."

"Mene ne kuma, Mama? Zan makara fa."

"Rufe wuyanki. Akwai sanyi."