Tafarnuwa a Kofi na Uku

Tun ranar da madara ta ƙone a kan murhu yana zaune daf da ita yana gyaran takalmi, Magriet ta gano abin da mijinta yake ɓoyewa. Ƙauri ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta taga, amma Oom Sakkie Windvogel ko ɗaga kai bai yi ba. Murar da ta kwantar da shi cikin sanyin watan Yuli ta daɗe da tafiya, sai dai da hancinsa ta tafi. Wata takwas ke nan ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari.

Ga wani mutum wannan ba abin tayar da hankali ba ne, wani ma cewa zai yi ya huta. Shi kuwa Oom Sakkie da hanci yake cin abinci. Shekara talatin da huɗu yana aiki a gonar hop da ke kwarin Waboomskraal, inda tsiron yake bin igiya ya haura sama da tsawon gida, a tsinke furensa a kai wa masu dafa giya don ɗaci da ƙamshi. A aji biyar ya bar makaranta, amma idan ya murza fure tsakanin tafin hannunsa ya kai hanci ya ce a bari sai jibi, to motocin girbi ma sai su jira jibin. Masu digiri sukan zo da na'urorinsu su auna wannan su auna wancan, ƙarshenta dai sai ka ji an ce a kira Oom, wato Kawu, yadda kowa yake kiransa don girmamawa.

Duk cikin gonar abin da ya fi so shi ne layi na sha bakwai. Shekara tara da suka wuce ya tsinci wani ɗan tsiro cikin ɗaruruwan da ake gwadawa, ya shinshina, ya ce wannan kada a taɓa masa. Shi ya raine shi, shi ya yanka reshe ya dasa har ya cika layi guda. Ƙamshinsa kamar an yanka nunanniyar gwaiba yanzu-yanzu, da ɗan ɓawon lemo a bayanta. Ba a raɗa wa tsiron suna ba tukuna, Sha Bakwai kawai yake kiranta, kuma da “ita” yake kiranta, abin da Magriet ta daɗe tana yi masa tsiya a kai.

Bana ce shekarar hukunci. Al'adar gonar ita ce, duk ƙarshen girbi Meneer Terblanche, mai gonar, yakan ɗauki irin gwaji biyar ya ba Siphokazi Dyantyi, mai ƙaramin gidan dafa giya a garin George, ta dafa giya biyar, kowace da nata furen. Alƙalai uku, ciki har da Oom Sakkie da ita Siphokazi, su ɗanɗana ba tare da sanin wacce ce wacce ba, su ba da maki. Biyun da suka zo sama a faɗaɗa musu fili, sauran ukun tarakta ta bi ta kansu, domin ruwan dam ba ya isar kowa.

Da safen ranar ɗanɗanon Magriet ta ajiye masa burodi da ruwan zafi zalla, tunda alƙali ba ya shan gahawa, ba ya cin yaji, ba ya shafa turare. Ta tsaya ta zuba masa ido yana cika sharuɗɗan hancin da babu shi.

“Ka faɗa musu mana, Sakkie.”

“In na faɗa su ɗauko wani ya zauna a kujerata, wanda bai san Sha Bakwai ba.”

“Kai ma ai yanzu ba ka san ta ba.”

Maganar ta yi masa zafi domin gaskiya ce. Ya ce mata harshensa na nan, ɗaci kuma da harshe ake jin sa, Sha Bakwai ɗacinta mai laushi ne, zai gane ta. Ta ce Allah ya sa, ta juya ta ci gaba da wanke-wankenta.

A rumfar shanya fure aka kafa tebur, an shimfiɗa farin ƙyalle, ga ruwa, ga busasshen biskit na share baki. Siphokazi ta riga shi zuwa. Shi ya koya mata murza fure tun tana ɗaliba, har yau idan za ta yi masa magana ba ta cewa “kai”, sai dai ta ce Oom ya kwana lafiya, Oom zai zauna nan. Na ukunsu Tristan ne, wani mai gemu daga Cape Town da ke saye wa gidajen giya fure, mutumin da idan ya shinshina abu sai ya lissafa 'ya'yan itatuwa goma da ba wanda ya taɓa ganin su a kasuwar George.

Suna zama Siphokazi ta ce tana da albishir. Ta bi shawarar da Oom ya ba ta bara: duka giyar biyar da fure iri ɗaya ta yi musu ɗaci, daidai wa daida, furen gwajin kuwa sai a ƙarshe ta zuba, don ƙamshi kaɗai. “Yau harshe ya huta,” in ji ta, tana murmushi. “Hanci ne kawai zai yi aiki, kamar yadda Oom ya ce.”

Ya tuna ya faɗi haka, har da ɗaga yatsa. Ya ce mata ta kyauta.

Meneer Terblanche ya fito daga bayan ƙofa da faranti, ya jera wa kowa ƙananan kofuna biyar masu lamba. Launinsu ɗaya, kumfarsu ɗaya. Daga nan ba a magana sai kowa ya gama rubutu. Oom Sakkie ya ɗauki na farko ya juya shi, ya rufe bakinsa da tafin hannu, ya buɗe ya zura hanci ya ja numfashi gajere sau uku, yadda ya koya wa rabin mutanen kwarin. Iska ce kawai. Ya kurɓa: ruwan sanyi mai ɗaci. Na biyu ruwan sanyi mai ɗaci. Har ya kai na biyar ya dawo baya bai ji bambancin ko na sisi ba. Sha Bakwai tana cikin ɗayansu, a gabansa, tazarar taƙi ɗaya da hancinsa, amma ba shi da hanyar da zai bi ya isa wurinta.

Takarda kuma tana jiran maki cikin hamsin. Abin kunya ne dattijo ya yi satar amsa, amma abin da ya yi ke nan: ya koma leƙen fuskar Siphokazi ta gefen ido. A kofi na ɗaya da na biyu ba ta nuna komai ba. A na uku kuwa tana kai hanci ta ja kai baya, ta haɗa gira, ta sake shinshinawa, sannan ta ture kofin can gefe nesa da 'yan'uwansa. Oom Sakkie ya ce a ransa wannan dai ta ƙi shi. Ya ba sauran maki na tsaka-tsaki, talatin da wani abu, ya ba na uku ashirin da biyu. Gurbin dalili yana kallonsa, alƙali kuma ba ya kayar da giya bai faɗi laifinta ba. Sai ya rubuta laifin da ya fi yawa a fure idan an makara wajen girbi: tafarnuwa.

Da aka buɗe takardu, kofi huɗu ba su ba da wahala ba, makinsu kusa da juna. Aka zo na uku. Tristan ya ce arba'in da biyu. Siphokazi ta ce arba'in da biyar, ta ce ture shi ta yi gefe don kada ƙamshinsa ya danne mata sauran, ta daɗe ba ta ji irinsa ba, kamar an yanka gwaiba a ɗakin, ga ɓawon lemo yana biye.

Oom Sakkie ya ji kalmomin nan biyu sun sauka a cikinsa. Ya kai hannu zai rufe takardarsa, Tristan ya riga ya karanto ta.

“Ashirin da biyu? Tafarnuwa?”

Dokar teburin ita ce tazarar alƙalai ba ta wuce maki bakwai. Idan ta wuce sai a koma kan kofin a daidaita, wani ya hau, wani ya sauko. Da wani ne ya rubuta ashirin da biyun nan da an yi masa dariya an ce ya hau. Amma Oom Sakkie ne. Su biyun suka ɗauki kofunansu kamar ɗaliban da aka kama da kuskure. Tristan ya juya nasa ya daɗe da hanci a ciki, can ya gyaɗa kai a hankali ya ce lallai, tafarnuwar tana can ƙasa, sai giyar ta ɗan huce take fitowa, har ma da ɗan albasa.

“Ina jin kuskure na yi,” in ji Oom Sakkie. “Zan hau. Ku bar naku yadda yake.”

Tristan ya yi dariya ya ce tun yana yaro yake jin labarin hancin nan, yau ba zai yarda a rufe masa ido don a faranta wa matasa rai ba. Ya soke arba'in da biyu ya rubuta ashirin da takwas. Siphokazi ba ta yi dariya ba. Tana ta shinshinawa, fuskarta tana canzawa, kamar mai neman datti a rigar da ta wanke da hannunta.

Sai ya faɗa. Bai shirya ba, maganar ce ta fito da kanta, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan farin ƙyallen.

“'Yata, ajiye kofin nan. Ba na jin komai. Tun murar bara hancina ya mutu. Fuskarki na kalla na rubuta, ban ji tafarnuwa ba, ban ji gwaiba ba, ban ji komai ba.”

Ya zaci za a yi fushi, ya shirya wa fushin, har ya shirya wa tausayi, wanda ya fi tsana. Ya yarda ya rasa kujerar muddin layin zai tsira. Siphokazi ta dafa hannunsa, idonta ya kawo ruwa, ta ce me ya sa Oom bai gaya mata ba. Sannan ta sake ɗaga kofin, domin ita mai gaskiya ce, shi ne ma ya koya mata hakan. Ta shaƙa, ta ajiye.

“Oom, na yarda da abin da Oom ya faɗa. Amma yanzu ina jin tafarnuwar. Ban san ko tana ciki ko a kaina take ba, na dai kasa daina jin ta.”

Aka zubo sabon kofi, aka sake. Tristan ya ce tana nan daram. Ya ƙara da cewa, da dukkan girmamawa, kowa ya san akwai layin da Oom yake so, kuma abin mamaki ne hanci ya mutu daidai lokacin da aka ambaci gwaiba. Oom Sakkie ya dubi kofin da ke gabansa. Da me zai rantse? Mutum yana iya nuna karyayyen hannu, amma ba ya iya nuna wa kowa cewa ba ya jin ƙamshi.

Meneer Terblanche mutumin kirki ne, ya cire takardar Oom gaba ɗaya ya ce a lissafa ta mutum biyu kawai. Siphokazi ta yi ta juya alƙalami, ta rubuta talatin da huɗu, iyakar abin da zuciyarta ta yarda da shi. Kofi na uku ya zo na huɗu cikin biyar. Da aka buɗe ambulan mai ɗauke da sunayen furannin, aka ga Sha Bakwai ce kofi na uku, ba wanda ya kalli Oom Sakkie. Mai gonar ya ce ko da ya so ya bar layin, kalmar ta riga ta shiga kunnen mai saye, kafin sati ta zagaye gidajen giyar Cape Town, kuma ba mai dafa giyar da zai taɓa furen da aka taɓa ce masa tafarnuwa. Ya ce tarakta za ta shiga ranar Litinin, Oom kuma ya je ya huta, za su yi magana daga baya.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya bi ta layi na sha bakwai cikin zafin rana. An riga an sare igiyoyin, sai 'yan furannin da suka zube a ƙasa. Ya tsinci cikin hannu guda ya murza da ƙarfi har wani gari rawaya mai danƙo na cikin furen ya manne masa a tafi, ya kai hanci don sabo. Ya sani babu abin da zai ji, amma sai da ya ja numfashi sau uku.

Magriet tana shanya a bayan gida ya iso. Ta dubi fuskarsa. Ita ba ta taɓa kai giya bakinta ba, ba ta san maki ba, ba ta san Tristan ba. Ya miƙa mata hannayensa biyu.

“Shinshina ki faɗa mini. Me kika ji?”

Ta riƙe su ta kai hanci, ta ce gwaiba mana, abin da ya shekara tara yana cika mata gida da shi.

Da ya tsaya nan da ya samu abin riƙewa. Amma shi ma abin ya fara cin sa tun a hanya: ko an makara wajen girbin bana, tunda ba shi da hancin da zai ce a yanka yau?

“Babu tafarnuwa? Ko kaɗan?”

Magriet ta sake sunkuyawa. Wannan karon ta daɗe. Ya ga girarta ta haɗu, irin haɗuwar da ya gani ɗazu a rumfa.

“Ban sani ba, Sakkie,” in ji ta a hankali. “Da ba ka faɗa ba, da na sani.”