Mutumin da Aka Manta a Bayan Dutse

Shekara ashirin da uku Gimba ya yi yana fitowa a fim, amma in ka tsaya tsakiyar kasuwar Minna ka kira sunansa, ba wanda zai waiwayo. Fuskar ce kowa ya sani. Ya fito a maigadi, ya fito a boka, ya fito a kawun da ke cinye gadon marayu, ya mutu a talabijin ya fi sau talatin. Da masu shirya fim suka koma labarin masu satar mutane, sai aka ga ai ba wanda rawani da bindiga suka karɓa kamarsa. Kai jama'a, mutumin da ko kaza za a yanka a gidansa na Tudun Fulani sai matarsa Jummai ta kai wa maƙwabci!

Abin da ya sa ake sonsa a wurin aiki shi ne ba ya musu. In aka ce tsaya nan, to ya tsaya ke nan har sai an ce motsa.

Ranar wata Talata suka fita ɗaukar fim a wani fili can gaba da madatsar Tagwai. Darakta Sadiq, sarkin gaggawa, bai je ya gaida mai unguwar ƙauyen da ke kusa ba, wai ai aikin rabin awa ne. Patricia mai kwalliya ta manna wa Gimba dogon tabo daga kunne zuwa haɓa, aka sa masa rigar soja, aka ba shi bindigar katako da ta sha baƙin fenti. Aka karɓe wayoyin kowa aka zuba a jaka, kada wata ta yi ƙara a tsakiyar aiki. Sadiq ya kai shi bayan wani ƙaton dutse mai nisa da kyamara, ya ce kada ya kuskura ya leƙo, sai ya ji an busa usur sannan ya fito da gudu yana ihu.

Gimba ya tsugunna. Abin da bai sani ba, wani masunci ya hango mutane da bindigogi ya ruga ƙauye, labari kuma ya dawo wa 'yan fim cewa ga gari nan tafe da makamai. Nan take suka afka mota. Aka duba jarumi yana ciki, jaruma tana ciki, kyamara tana ciki. Ba wanda ya tuna da Gimba. Shi kuwa da ya ji tashin motar, sai ya ɗauka matsar da ita ake yi don kada ta fito a hoto.

Rana ta yi ta dukansa, ƙafarsa ta yi tsami, bai leƙo ba. Can sai ya ji usur.

Ya yi wuf ya fito, bindiga a sama, yana kururuwa iya ƙarfinsa. Sai ga shi gaban maza kusan ashirin da adduna da bindigogin toka. 'Yan bangar ƙauyen ne, usur ɗin nasu ne na kiran juna. Wani ya harba, harsashi ya ɓantari dutsen kusa da kunnensa. Gimba ya yar da bindiga ya zube, bai ma san lokacin da ya jiƙa wandonsa ba.

Duka kam ya sha shi kafin shugabansu, wani dattijo mai suna Shekwolo, ya tsawatar. Aka ɗaure shi tamau aka ja shi gindin mangwaro. Ya yi ta rantsuwa fim suke yi. Aka ce ina kyamarar? Ya duba filin, ba komai sai sawun taya da ledojin ruwa. Aka ce ya kira mutanensa, ba waya, lambar Sadiq ma bai haddace ba. Da aka ga bindigar ta katako ce ya fara jin sanyi a ransa, sai wani ya ce ai haka 'yan leƙen asirin masu satar mutane ke yi, ana ba su ta ƙarya su zo su ƙirga gidaje. Ya faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu. Ba wanda sunan ya yi wa kama da wani abu. A bayansa ya ji ana zuƙo fetur daga tankin babur, warin ya cika masa hanci.

Shekwolo ya ce ba za a taɓa shi ba sai Hannah ta zo. Mijinta Josiah masu satar mutane suka ɗauke a gona mako biyar da suka wuce, a kan idonta, har yau shiru. In ta ce yana cikinsu, shi ke nan, shi ma ba zai iya riƙe mutane ba.

Ta iso da goyo a baya, siririya, idanunta sun faɗa. Ta daɗe tana kallonsa. Gimba yana ta addu'a a zuci.

"Na san fuskar nan," in ji ta. "Ban tuna a ina ba. Amma na taɓa ganinsa yana ɗaure mutum."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani ya mirgino tsohuwar taya. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama Gimba, don ya gane gaskiya matar ta faɗa. Ta gan shi, a allon wani shago ko a wayar wani. Abin da ya yi shekaru yana alfahari da shi, cewa ba a manta fuskarsa, shi ne zai sa a ƙone shi yau da rana tsaka.

Ya roƙi Shekwolo da girman Allah a tsayar da shi kan ƙafafunsa, minti ɗaya kawai. Dattijon ya ce a ɗaga shi. A shirin da ake nunawa duk Alhamis, Gimba ne Gatari, shugaban 'yan daji, kuma akwai wata dariya da wata magana da yake yi a kowane mako. Ya haɗiye yawu mai haɗe da jini, ya karkatar da kai yadda ya saba, ya lumshe ido ɗaya. Dariyar ta fito daga can ƙasan ƙirji, mai sanyi, mara imani.

"Ku gaya wa matarsa ta daina kuka, ta fara neman mai sayen gona."

Sai mai riƙe da galan ɗin fetur ya sauke shi ƙasa, baki buɗe, ya ce wallahi Gatari ne, na talabijin, wanda suke kallo a shagon cajin waya. Wani ya kwashe da dariya. Shekwolo ya sa farce ya ɓare tabon, ya fita kamar ɓawon ayaba. Waɗanda suka gama dukansa yanzu suka shiga rige-rigen kwance igiya, har da masu fito da waya a yi hoto. Gimba ya sulale ya zauna, kuka ya ƙwace masa.

Hannah ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gabansa, ta ce maganar nan da ya faɗa, ita aka faɗa mata a waya, ko kalma ɗaya ba a canza ba. Gimba ya kasa ɗago kai, kunya da tausayi suka rufe shi.

"Baba, shi mutumin da ka kama a fim ɗin, ya koma gida?"

Ya san amsar sarai. Fitowar da aka kawo shi ya yi yau ita ce wadda zai harbe mutumin.

"Ba mu kai wurin ba tukuna, 'yata."

Ta gyaɗa kai, ta miƙe tana gyara goyonta.

"To in kun kai, don Allah ka sake shi."