Yaɓen da Sanda Ya Yi wa Zauren Ubansa

Zancen rowa zan yi muku, rowar abin da ido ma yake gani kyauta. Ku saurara.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara, malamin lakol, wato makarantar boko ta garin Gidan Sori, Malam Surajo, ya bi gida gida yana roƙon abu guda: a bar shi ya kwafi zanen da magina suka yi a fuskar zauruka. Ya ce ƙasa ta dawo hannunmu, wata rana za a buɗe babbar makaranta inda 'ya'yanmu za su koyi gini, to kada su iske zanen Turawa kaɗai.

Mutane suka ba da gudummawa. Hashimu magini ya zauna ya nuna masa yadda ake jera azara. Delu mai ƙuli-ƙuli ta kwashe zannuwanta daga akwatin ƙarfe ta kawo shi, don kada gara ta ci takardun.

Sai Sanda. Zaurensa ya fi na kowa. Marigayi ubansa ne ya zana shi da yatsa tun laka tana ɗanya, kuma babu mai rai da ya iya irinsa.

"Baba Sanda, kallo kawai zan yi in zana," in ji Malam.

"Kai yaro, hannun ubana za ka naɗe ka kai wa 'yan birni? In zane kake so, ga jakina can."

Hashimu ya yi dariya. "Sanda, bangon nan fa bakin hanya yake. Ko akuya tana ganinsa."

Maganar ta tsaya wa Sanda a rai. Ya kwaɓa laka ya shafe fuskar zauren kaf, wai in Malam ya gama sai ya kankare. Sabon yaɓe kuwa in ya kama tsoho, ba ya saki. Sanda manomi ne, kuma bai tambayi kowa ba.

Malam ya cika akwati, aka ajiye a lakol. Da damina ruwa ya zubar da bangon Hashimu. Ya je ya duba takarda, ya mayar da zanensa kamar jiya, har mutanen garin Sae Sabuwa suka aiko a zo a kwafi nasu.

Ranar da Sanda ya sa fartanya ya kankare, sai zanen ya biyo yaɓen, gutsure gutsure. Ya rasa fuskar zaurensa, ya rasa hannun ubansa, ya rasa abin nuna wa jikoki, kuma babu takarda ko ɗaya da zai duba.