Ruwan Majemar Kawu Maigandi

Ramlat ta dawo Potiskum daga jami'a da tambayar da take bincike a kai: me ke sa kamfani ya kula da muhallin da yake zaune a ciki? Kan malamanta ya rabu. Wasu sun ce tsoron hukuma ne, wasu sun ce neman riba. Ita ta bi masu cewa kamfani yana gyarawa ne idan maƙwabta suka yi ƙorafi.

Kamfanin da ya yarda ta shiga kuwa na kawunta ne, Alhaji Maigandi, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Majemar fata ce a ƙarshen unguwar Yindiski. Ruwan jimar yana bin lambatu ya gangara kududdufin da shanun unguwa ke sha.

Ta bi gidajen bakin kududdufin. Duk wanda ta tambaya sai ya ce lafiya lau. A gidan Hajjo, wata dattijuwar Bafulatana, ta tarar ana binne saniya, ta mutu ba a kai ga yanka ta ba.

"Inna, ruwan nan ne?"

"Kwananta ne ya ƙare, 'yata."

"Kin faɗa wa Alhaji?"

Hajjo ta riƙe baki. "In je ƙofar mutum in ce na yi asara? Mu ba ma kai kuka. Balle shi, da ya ɗauki gawar maigidana a motarsa. Sha nonon da na zuba miki."

Ramlat ta fito daga gidan. Duk littattafan da ta karanta sun ɗauka wanda aka cuta zai buɗe baki. A nan ba mai buɗewa, ruwan kuma ba zai tsaya ba.

Bayan la'asar ta sami kawunta a zaure, ta durƙusa.

"Kawu, ruwan majema yana kashe shanun Hajjo."

"Ita ta aiko ki?"

"A'a."

"To wa ya kawo ƙara?"

"Ni ce, Kawu."

Ya dube ta. "A gidana kika koyi wannan, ko a makaranta?"

Ta sunkuyar da kai ƙasa.

Washegari aka toshe lambatun, aka sauke bulo da siminti don ginin tankin tara ruwa. Da ta je majemar, maigadi ya ce Alhaji ya hana ta shiga. Har ta koma makaranta, in ta gaishe da kawunta, hannu kawai yake ɗaga mata.