Rakiya a Ɗakin Girma

Rashid ne ya jawo abin, kuma da zuciya ɗaya ya jawo shi. Daga Yamai, inda yake aikin banki, ya bugo wa yayarsa Ummul Khairi waya yana ta jin daɗin kansa, ya ce ya kama wa Baba wuri a salon na filin jirgi, ɗakin da manya ke zama kafin su tashi. Akwai na'urar sanyi, akwai kujeru masu laushi, akwai banɗaki a ciki, ba sai tsoho ya zauna kan bencin ƙarfe cikin zafin nan ba. Ummul Khairi ta gode masa har cikin ranta, don a duk abin da ya lissafo, banɗakin nan kaɗai ya shiga kunnenta.

Ita kaɗai ta san dalili. Mutanen unguwarsu ta Birni sun san Malam Idirisu baduku zai je Yamai a cire masa yanar ido, abin da ya ce a faɗa ke nan. Gaskiyar magana fitsari ne ya tsaya masa, lokotoro, wato likita, ya sa masa roba, ya ɗaura masa ƴar jaka a cinya, ya ce aikin sai Yamai. Jakar takan cika, kuma dole a juye ta a kan kari. Ranar da suka fito daga gidan likita tsohon ya riƙe hannunta ya ce, "Uwata," haka yake kiranta saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, "wannan tsakanina da ke ne. Rashid ya ji a can in ya zama dole. Mijinki kuwa, ko da wasa." Ba ta yi mamaki ba. Mutumin da bai taɓa kai loma baki a gaban surukinsa ba, ina zai yarda a san abin da ke ƙarƙashin rigarsa?

Da Rashid ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma wanda ya yi abin kirki yana son a sani. Ya saki saƙon murya a zauren dangi na waya, kuma don kowa ya gane ya mayar da sunan wurin Hausa, ya ce, "An kama wa Baba ɗakin girma." A wurinsa ɗaki ne na shiru da hutawa. Dangi kuwa suka ji abin da kunnensu ya sani: ɗakin da za a ba Malam girma. To, girman da babu mutane wane irin girma ne?

Ranar tafiya, a filin jirgi, kafin Ummul Khairi ta sauko da akwati daga mota, ga Baffa Inusa, ƙanen mahaifinta, ya iso daga Gaffati da mota cike da mutane. Ga matan Zermu da ƙullin fura da kilishi. Ga dukawan layinsu cikin rigunan Juma'a. Mai tsaron ƙofar salon, wani saurayi siriri mai suna Kolo, ya gwada abin da aka koya masa.

"Masu biye kaɗai ke shiga, Baba. Masu tafiya."

Baffa Inusa ya ƙare masa kallo. "Kai ba ɗan Mai Nasara ba ne, na bayan kasuwa? Yaya ƙafar babanka?"

Shi ke nan, Kolo ya sunkuyar da kai ya matsa gefe.

Ɗakin da aka yi don mutum ƙalilan ya cika har bakin ƙofa. Yara sun haye hannun kujeru, matasa na rigima a kan wurin cajin waya guda ɗaya, shayi da biskit ɗin da aka ajiye wa matafiya sun tafi tun ba a gama gaisawa ba. Na'urar sanyi sai gurnani take tana ɗigar da ruwa, zafin jikin mutane ya fi ƙarfinta. Wani ɗan kasuwa da shi ma ya biya don ya huta ya koma lungu rungume da jakarsa yana tsaki. Malam Idirisu kuwa an ɗora shi kan kujerar da ta fi kowacce girma, a tsakiyar ɗaki, kowa ya zo ya durƙusa ya yi masa fatan ido ya buɗe. Yana amsawa a hankali, ya miƙe bayansa kyam, hannunsa na hagu bai bar kan cinyarsa ba.

Sai aka ce jirgi ya yi ratar, wato zai makara, ba a san lokacin isowarsa ba. Dangi suka yi murna, sun samu ƙarin zama. Ummul Khairi kuwa ta tuna jakar, ta dubi ƙofar banɗaki.

Banɗakin guda ɗaya ne, a kusurwa, kuma a daidai ƙofarsa mijinta Mahamud ya samu wuri shi da mahaifinsa. Masu butoci sun yi layi, ruwan alwala ya malalo har kan kafet, sakatar ƙofar ma yara sun karya ta, sai dai wanda ya shiga ya tokare da ƙafa. Ta ratsa ta durƙusa kusa da mahaifinta kamar tana gyara masa takalmi.

"Baba, mu je. Zan tsaya maka a ƙofa."

Bai dube ta ba. Ya ɗan karkata ido wajen surukansa. "A gaban wa?"

"To akwai wani banɗakin a babban zaure, Kolo ya ce."

"In na tashi, duka za su tashi. Rakiya suka zo."

Gaskiyarsa. Ta fita ta kira Rashid, ta same shi yana dariya, an riga an tura masa hotuna. "Yaya, kin ga Baba kuwa? Kamar gwamna! Ai na ce miki wurin zai yi." Ta buɗe baki ta faɗa masa abin da ya jawo, ta tuna alkawari, ta kashe wayar. Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma ji haushin kanta da ba ta da ikon cewa kowa komai. Ƴa mace ba ta korar baffanninta daga gaban ubanta, ko da ɗakin nata ne.

Da ta dawo ta bi ta bayan kujerarsa, sai ta gani. Wata ƴar lema ta fito a bayan farar rigar, daidai inda ta haɗu da matashin kujera, tana ƙara faɗi a hankali. Gumi na bin wuyan tsohon. Yana nan yana amsa gaisuwar wata tsohuwa, har da tambayar jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

Kiran la'asar ne ya kawo mata dabara, ta kama ta hannu biyu. Ta matsa kusa da mijinta ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban Fahad, lokaci ya yi. Da ka ja mutane kun je masallacin waje, mata ma su bi ku su sha iska."

Mahamud mutum ne mai saurin ji. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, salla." Maza suka fara neman takalmansu.

Sai Baffa Inusa ya ɗaga hannu. "Wane waje kuma? A bar ɗakin girma a fita rana da tsoho? Ga kafet nan. Ku ture kujerun." Ya juya yana murmushi. "Yaya ne zai ja mu. Sallar bankwana ke nan, mu samu albarka."

Kowa ya ce madalla. Nan da nan aka ja kujeru, mata suka koma baya, maza suka yi sahu kafaɗa da kafaɗa, aka bar fili a gaba, inda liman zai tsaya ya ba kowa baya. Ummul Khairi ta dubi mahaifinta. Ita ta ce a yi salla. Da bakinta ta kawo wannan.

"Inusa, ja su," in ji Malam Idirisu.

"Haba Yaya, kana zaune ni in shiga gaba? Ido ke ciwo, ba baki ba."

Aka yi dariya. Baffa Inusa ya kama hannunsa na dama, ya yafuto Mahamud ya kama na hagu. Mahamud ya matso cikin ladabi, kansa a ƙasa, wannan ne karo na farko da zai taɓa jikin surukinsa. Har sun fara ɗaga shi.

"Ku sake ni."

Suka sake shi. Tsohon ya kalli kafet, ya yi magana a fili, ba rawar murya, kamar yana faɗin kuɗin takalmi.

"Ba ni da tsarki. Ba ido ba ne. Roba ce a jikina, fitsari ke zuba, ya jiƙa ni. Ku je ku yi sallarku."

 Mahamud ya kau da fuskarsa wajen bango, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Mahaifinsa ya bi shi. Baffa Inusa ya tsaya baki buɗe, sannan shi ma ya juya. Mata suka ja yaransu, dukawa suka bi a jere, kowa na kallon ƙafarsa. Ba wanda ya ce sannu, don sannu na nufin an ji. Har ɗan kasuwar nan ya ɗauki jakarsa ya fita, Kolo ya ja ƙofa ya rufe daga waje.

Ta buɗe akwati ta ciro masa wasu kaya, ta raka shi banɗaki, ta tsaya ta ba ƙofar baya tana riƙe da ita. Tana jin ruwa na zuba, hawayenta na zuba, ba ta share ba. Yanzu da babu kowa ɗakin ya fara yin sanyi sosai, irin wanda Rashid ya yi alkawari.

Ya fito cikin shuɗiyar riga. Ga kujeru ko'ina babu kowa, bai zauna ba. Ya tsaya a bakin taga. Daga waje ana jin kabbarar Baffa Inusa.

"Baba, ka yafe mini. Ni na ce su yi salla."

"Salla kika ce, Uwata. Ba saɓo ba."

Yana nan tsaye a bakin taga har jirgi ya sauka. Kolo ya leƙo ya ce an fara kira, kuma dangi sun jeru a bakin ƙofa suna jiran su yi bankwana.

"Yaro, babu wata ƙofa?"

"Akwai, Baba. Wannan ta baya, kai tsaye take fita wajen jirgi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shagonsa, mai igiyar jar fata da ya kitsa da hannunsa, wanda ko masallaci da shi yake zuwa. Ya miƙa wa Kolo.

"Ka ba Inusa. Ka ce akwai fatu a jiƙe, kada su lalace. Ya sayar da abin da zai sayu."

"Baba," in ji Ummul Khairi, "ai ba za mu daɗe ba. Da an yi aikin za mu dawo."

"Ke za ki dawo," ya ce. "Ɗauki akwatin."